Faifai Goma Sha Biyu da Filashin Injiniya

A Mahuta babu wanda ya naɗa Istifanus injiniya. Shi ya naɗa kansa wata Lahadi bayan sujada, kuma da yake bai daina faɗa ba, mutane suka gaji suka bar masa. Iliminsa na kwamfuta ya samo shi ne a wani shago a cikin gari, inda ya yi wata bakwai yana goge ƙurar kibod kafin mai shagon ya ce masa ya huta haka nan. Daga nan ya dawo unguwa ya kafa laima a bakin hanya yana zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Yana da filashi guda ɗaya, ja, wanda ya rataya a wuya da igiyar takalmi. Maƙwabta sun ce ko wanka zai yi sai dai ya juya shi ta baya.

A shekara ta goma sha ɗaya da komawar soja bariki, gundumar ikilisiyarsu ta samu kyautar tsofaffin kwamfutoci goma, domin a koya wa matan da masaƙun Kakuri suka sallama buga takarda. Majami'u biyu suka nema, ta Mahuta da ta Nasarawa. Mama Edith, shugabar zumuntar matan Mahuta, wadda ta yi shekara ashirin da biyu a gaban injin saƙa kafin a rufe ƙofa a bar su a waje, sau huɗu tana zuwa ofishin gunduma, har sai da aka ba Mahuta don a samu lafiya. Ranar da aka sauke kwamfutocin ta je ta yanko sabon tabarau. Ta ajiye shi cikin gidan tabarau, ta ce ba za ta sa ba sai ranar da za ta zauna gaban allo ta buga sunanta da hannunta.

Amma kyautar da sharaɗi ta zo. Kwamfutocin babu komai a cikinsu, sai an zuba musu manhajoji: ta koyon buga rubutu, ta rubuta wasiƙa, ta lissafi, ta maganin bairos, wato cutar kwamfuta, da sauransu. Rabaran Filibus, sakataren gunduma, zai zo ranar Asabar ta ƙarshen wata da takarda a hannu. In ya tarar suna aiki, sun zama na Mahuta. In bai tarar ba, a ranar za a loda su zuwa Nasarawa.

Scholastica, mai buga takardun majami'a, ita ta fara ɗaukar aikin. Mace ce marar yawan magana. Sati biyu cur tana zuwa kafe, wani shagon intanet a Barnawa, tana sauke manhajojin ɗaya bayan ɗaya, kowace cikakkiya, tana kwafe su a faifan sidi. Faifai goma sha biyu suka cika. Ta rubuta sunan kowanne da baƙin alƙalamin maka, ta kawo wa kwamiti ranar Lahadi a cikin kwalin takalmi.

Istifanus ba ɗan kwamiti ba ne, amma yana wurin. Ya leƙa kwalin, ya yi dariya mai ƙarfi har Fasto ya ɗago kai.

"Sista Schola, sati nawa kika ce?"

"Biyu."

"Allah Sarki." Ya ɗaga filashinsa sama. "Jiya da rana na shiga kafe. Minti goma sha biyar. Har da gaisuwa. Duk abin da ke cikin kwalin nan yana nan ciki, kuma da sauran wuri."

Scholastica ta jawo filashin, igiyar tana wuyansa, ta sa a kwamfutar ofis ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Injiniya, waɗannan ba manhajojin ba ne. 'Yan ƙananan ne. In ka danna su, su ne za su je intanet su ɗauko ainihin kayan. Kamar ka je tasha ne ka karɓo takardar kaya ka bar buhun a can."

"Ku ji fa! Buhu! Ana maganar teknoloji tana maganar buhu." Ya juya ga dattawa. "Baba, wannan shi ake kira kompireshon. Matsewa. Turawa sun daina ɗaukar kaya da nauyi tun tuni. Ku dubi rediyon da, ku dubi wayar yanzu. Wanne ya fi girma? Wanne ya fi aiki?"

Dattawa suka dubi wayoyinsu, suka ga lallai ƙanana ne.

"A Mahuta babu intanet," in ji Scholastica.

"A Mahuta akwai Istifanus," in ji Istifanus.

Wannan magana ta yi wa dattawa daɗi, domin tana da kari. Aka ba shi aikin. Mama Edith kaɗai ta tambaya, "Ɗana, ka tabbata?" Ya dafa ƙirji ya ce in ya kasa a daina kiransa Injiniya. Wani dattijo a baya ya ce dama shi bai taɓa kira ba, amma ba a ji shi ba.

Ranar Litinin Scholastica ta tafi Kafanchan jana'izar gwaggonta. Kafin ta tafi ta sa kwalin a kabad ɗin ɗakin karatu, ta ce wa Istifanus, "Ga su nan, ko da za a buƙata."

Aka kuwa buƙata. Istifanus ya lura cewa ranar buɗe makarantar kwamfuta tana son ado irin na kwamfuta, kuma ga faifai suna ƙyalli a banza. Ya ƙirga haruffan SANNU DA ZUWA, ya samu goma sha ɗaya. Ya ɗauki wannan a matsayin alama daga sama. Da yake rubutun Scholastica ya ɓata gefe ɗaya, sai ya yi aiki a gefen mai ƙyalli. Ya fara zana kowane harafi da ƙusa domin fenti ya kama da kyau, sannan ya bi da jan fentin mai. Shi mutum ne da ba ya aikin ha'inci: sau biyu ya bi. Ya zura su a zare ya rataya daga taga zuwa taga.

Na goma sha biyun ya rage. Sani ɗan acaba, wanda ke kai shi gari, ya roƙa, ya ce zai ɗaura a bayan babur don motoci su riƙa ganinsa. Istifanus ya ba shi, ya ce masa ya riƙa tunawa da masu ilimi in Allah ya ɗaga shi.

Talata ya tafi wajen mai rubuta allo don a yi masa allon suna. Laraba ya koma domin an rubuta INJINIYA da ƙananan haruffa. Alhamis ya kai kwat ɗinsa wajen guga. Matan zumunta suna wucewa ta ƙofar ɗakin suna leƙe, su ga kwamfutoci goma a jere an lulluɓe su da zannuwa.

"Injiniya, yaushe za a zuba?"

"Mama, abin minti biyar ne. In na zuba da wuri zai huce."

Ranar Juma'a da hantsi ya tayar da janareta, ya yaye zani ɗaya, ya sa filashi, ya danna. Wani ɗan akwati ya fito a allo, da wani abu yana ta juyawa. Mama Edith tana tsaye a bayansa da wasu mata uku da suka zo shara.

"Me ta ce?"

"Gaisuwa take yi."

Abin ya gama juyawa. Wani rubutu ya fito da jar alama.

"Yanzu fa?"

"Ta ce... tana murna da zuwa Mahuta."

Irene, ƙanwar Mama Edith, wadda ta yi sakandare kafin ta shiga masaƙa, ta matso ta karanta a hankali. "No intanet konekshon. Injiniya, ai cewa ta yi babu intanet."

"Haka suke faɗa in suna jin kunya. Bari a gwada wata."

Ya gwada ta biyu. Ya gwada ta uku. Duka goman kunya gare su. A ta goma ya ɗaga kai don ya share gumi, idonsa ya sauka a kan SANNU DA ZUWA yana lilo a iska. Ya tuna da abin da ke cikin faifan nan. Ya sauke kai da sauri, ya ce wa matan su ba shi wuri, domin kwamfuta ba ta son a tsaya mata a kai.

Ya kira Sani suka tafi Barnawa. Mai kafen ya saurare shi har ƙarshe, ya ce cikakkun za su ɗauki sati biyu, kuma akwai wata mata da ta riga ta sauke su duka kwanan nan, me zai hana ya je ya roƙe ta? Istifanus ya ce ba ya son tsohon yayi. Ya sake sauke 'yan ƙananan, sababbi fil, ya dawo ya gwada. Su ma kunya.

"Injiniya," in ji Sani, "ni fa ban yi boko ba. Amma in abu ya ce yana son intanet, me zai hana a ba shi?"

"Abin da nake shirin yi ke nan ka katse ni."

Ya ari modem, na'urar kama intanet, wajen wani malamin makaranta, ya shiga zagaye harabar majami'a da waya a sama yana neman sabis. Babu a ɗakin karatu. Babu a gaban bagadi. Babu a gindin mangwaro, babu a kansa. Sai da ya jingina tsani ya hau ƙarfen tankin ruwa, can ƙoli, sannan sanda ɗaya ta fito. In ya karkata hagu ta ɓace.

Maƙwabta suka fito. Wata mai tuyan ƙosai ta ɗaga murya, "Injiniya, ruwa ya ƙare ne?"

"Bincike nake yi!"

"To in ka gama, duba mana ko akwai ƙadangare a ciki. Ruwan yana wani ɗanɗano."

Asabar da sassafe aka fara aikin hawa. Tunda sabis ya ƙi saukowa wurin kwamfuta, Istifanus ya yanke cewa kwamfuta ce za ta hau wurin sabis, ɗaya bayan ɗaya har goma. Akwatin kwamfutar ya hau a cikin guga. Allon, irin mai ƙatuwar ƙeya, aka ɗaure shi da zanin Irene, Sani yana turawa daga ƙasa, Istifanus yana ja daga sama, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa cewa shi ne bai iya ba. Wayar wuta ba ta kai ba, sai aka ciro ta mawaƙan majami'a aka haɗa, aka ƙara da ta fankar ofishin Fasto. Linzamin kwamfutar ya faɗo sau biyu. A na biyun wata akuya ta riga kowa isa wurin, sai da aka yi tsere.

Ƙarfe goma saura kwata komai ya hau. Istifanus yana zaune a kan murfin tanki cikin kwat da nakatai, kibod a cinya, ya karkata dama. Ya danna. Abin ya juya, ya juya, sai ga wani siririn layi ya fito.

"Ta kama!" ya yi ihu. "Na gaya muku! Ta kama!"

Matan zumunta, sun sha anko, suka ɗauki waƙa da kiɗan tulu da kacau-kacau. Mama Edith ta taɓa jakarta inda tabarau yake. Ana cikin haka motar gunduma ta shigo, a-kori-kura ce, bayanta fayau, an ma shimfiɗa katifa don kada kaya su fashe. Wannan katifar ta tsaya wa Mama Edith a rai.

Rabaran Filibus ya fito da takardarsa. Dogo ne, ba ya gaggawa, ba ya kuma dariya kafin la'asar. Ya gaisa da Fasto da dattawa, ya shiga ɗakin karatu, ya ƙirga.

"Tara na gani."

"Ɗayar tana sama, Baba Rabaran," in ji Fasto.

"Ta rasu?"

"A'a. Tana kan tanki."

Rabaran ya fito ya ɗaga kai, ya kare rana da takardarsa.

"Wane ne wannan?"

"Injiniya Istifanus, Baba! Barka da zuwa! Ku gafarce ni ban sauko ba, in na motsa za ta yanke!"

"Me kake yi a can?"

"Instoleshon!"

"Ka kai ina?"

Istifanus ya duba. "Kashi ɗaya!"

"Cikin nawa?"

"Cikin ɗari, Baba. Amma farkon ne mai wuya."

"Manhaja ta nawa ke nan?"

"Ta farko."

"Kwamfuta ta nawa?"

"Baba, ai ba a ƙirga irin wannan a gaban jama'a."

"Saura minti nawa?"

Istifanus ya sake dubawa. Allon ya ce awa tara. Kafin ya buɗe baki ya ce kwana biyu. Wata iska ta taso, ya gyara zama, allon ya sake shawara.

"Tana lissafi tukuna!"

A daidai nan Scholastica ta shigo harabar da jakar tafiya, ko gida ba ta biya ba. Ta dubi tanki, ta dubi Rabaran, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta wuce ɗakin karatu ta buɗe kabad. Kwalin yana nan, babu nauyi. Ta tsaya. Iska ta shigo ta taga, haruffan suka juya bayansu, sai ga rubutun hannunta a jere daga taga zuwa taga: Koyon Rubutu 1, Koyon Rubutu 2, Lissafi, Wasiƙa.

Ta tsinke zaren ta fito da su a hannu. Waƙa ta tsaya.

"Injiniya!"

"Sista Schola, sannu da hanya! Ya aka ji da haƙuri?"

"Me ka yi wa faifaina?"

"Na ba su aiki. Suna zaune ne kawai."

Ta ɗaga harafin Z ta kalli rana ta cikinsa. Hasken ya ratso ta inda ƙusa ta bi.

"Da fenti ne kaɗai, da na gwada kananzir," ta ce wa Rabaran. "Ya bi da ƙusa."

"Don ya yi ƙarko!" in ji murya daga sama.

Ta ƙirga. "Sha ɗaya. Ina ɗayan?"

Kowa ya juya ya kalli babur ɗin Sani, domin duk unguwa an san sabon adonsa. Sani ya kwance wayar da ya ɗaure shi da ita ba tare da an roƙe shi ba. Faifan ya sha ƙura da hayaƙi na kwana biyar, rana ta cinye rubutun, amma ƙusa ba ta taɓa shi ba. Scholastica ta wanke shi da sabulu a bakin famfon tankin, ta goge da gefen mayafinta. Jama'a suka bi ta ɗakin karatu, har da mai ƙosai. Mama Edith ta fito da gidan tabarau ta riƙe a hannu, leɓunanta suna motsi.

Faifan ya shiga, ya yi ƙara, ya kama. Ba a nemi intanet ba, ba a nemi tanki ba. Cikin minti huɗu ya gama. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Wace ce wannan a takardata?" in ji Rabaran.

Scholastica ta duba allon. "Ta ƙarshe, Baba. Maganin bairos."

"Ana koyon rubutu da ita?"

"A'a."

"To bari dai mu ga tana aiki. Me za ta kama?"

Aka aika wa Istifanus cewa Rabaran yana son ganin filashinsa. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ciro shi daga wuya, karo na farko a tarihin unguwa, ya sauko da shi a guga, ya ce a riƙe shi da hannu biyu. Scholastica ta sa. Kwamfutar ta yi wani kuka irin na motar asibiti, allon ya koma ja.

Irene ta karanta wa jama'a. "Sittin da uku. Ta ce ta samu bairos sittin da uku. Ta ce ta share."

Wani mutum a bakin ƙofa ya ce, "Shi ya sa wayata take kiran surukata da kanta tun ranar da ya sa mini waƙa."

Rabaran Filibus ya zaro biro ya yi maki ɗaya a ƙasan takardarsa. Ya dubi sauran layukan, ya dubi Mama Edith. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Sharaɗi ne, kuma a gabanki aka yi shi."

Ba ta roƙa ba. Ta riga ta yi roƙonta sau huɗu, ta san ba ta da na biyar. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya ana kwantarwa a kan katifa, kuma abin ya yi mata ciwo irin na ranar da aka rufe masaƙa. Matan da suka yi anko suka tattara tulunansu.

Direba ya ƙirga tara, ya ɗaga kai ya kalli ta goma. Ya kalli tsanin, ya kalli zanin Irene da ke reto, ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi yi.

"Bar ta," in ji Rabaran. "Zan rubuta cewa ɗaya ta fi ƙarfin gunduma."

Motar ta fita. Ƙurarta ba ta gama kwanciya ba sai ga murya daga sama, garau, babu ko rawa a cikinta.

"Kun gani ko? Da ba don ni ba, da ko ɗaya ba ta rage a Mahuta ba! Tsari ne! Tun farko na hango!"

Scholastica ta ce wa Mama Edith a hankali, "Litinin zan koma Barnawa. Sati biyu. Ɗaya ma ta isa a fara, in an yi layi."

Mama Edith ta gyaɗa kai. Sannan ta buɗe gidan tabarau, ta sa shi, karo na farko. Ta taka har gindin tanki, ta ɗaga kai ta kalli Istifanus da kyau, tun daga nakatai har zuwa takalmin da babu igiya.

"Ɗana."

"Na'am, Mama."

"Ka ce in ka motsa za ta yanke?"

"Haka ne, Mama. Aikin yana son natsuwa."

"Yanzu saura nawa ta ce?"

Ya duba allon. Ya daɗe yana dubawa, ko za ta sake shawara. Ba ta sake ba.

"Kwana arba'in da ɗaya, Mama."

"To, madalla. Ubangijinmu ma arba'in ya yi a jeji. Kai ka ƙara ɗaya, tunda injiniya ne kai."

Ta juya ta ce wa Sani ya mayar da tsanin gidan da aka aro shi, masu shi suna jira.